Hunhuna a Zanen Goyon Mutanen Gummi

Ni ban iya lissafin shekarun boko ba, amma lissafina bai taɓa ɓata ba. Abin nan ya faru damina biyu bayan an fara cewa mu mata mu fito mu dangwala yatsa a zaɓi shugaba, tun ba a yi canjin kuɗin nan na soja ba, wanda ya sa tsofaffi suka yi ta tono gwangwanayen da suka binne. A gidanmu kuwa, shekarar ce jar akuyata ta haifi 'ya'ya uku duk suka rayu. Kuma da ranin shekarar ne maigida ya sayar da bijimai ya gina mini ɗaki mai siminti da rufin kwano, na farko a unguwarmu a nan Bukkuyum.

Ginin ƙasa ne, amma an shafe shi da siminti ciki da waje, ƙasansa sumul kamar bayan faranti, aka kuma bi bangon da shuɗin fenti. Na jera kwallayena har kusa da rufi, na kafa gadon ƙarfe mai rumfa. Mata suka yi ta zuwa kallo. Wata ta ce aron rariya ya kawo ta, wata ta ce wuta ta zo ɗiba, alhali hayaƙi na tashi a gidanta. Duk na san abin da ya kawo su, kuma ban hana kowa shiga ba. Har labule nake ɗage musu.

Maginin daga Anka aka ɗauko shi. Ya yi wa ɗakin taga ɗaya mai murfin katako, sannan can sama kusa da kwano ya bar ramuka biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowanne hannu zai shige. Ranar da ya gama yana wanke cokalin gininsa ya ce mini, "Inna, ramun ga biyu kada a taɓa su. Ta nan ɗakin ke shaƙar iska."

Na ce masa to. A raina kuwa na ce, ji yaro zai koya mini zaman ɗaki, ni da na yi daɓen ɗakuna sun fi yatsun hannuna.

Da damina ta kankama aka kawo mini ɗiyata ta fari daga Gummi, inda take aure, don ta haihu a gida. Ita ce wadda har yau bakina bai kiran sunanta. A ka'ida kamata ya yi kunya ta sa in bar wa ƙanwata hidimarta. To amma a garin nan wa ya kai ni iya jego? Ni ake kira in dafa ruwan wanka, ni na san yawan kanwar da kunu ke so, ni na san lokacin da ƙauri ya nuna. Duk mai jegon da ta bi ta hannuna, ran arba'in sai an tambaya ko amarya ce. Sai in miƙa tawa ga wata? Na ajiye kunya a gefe, na share mata sabon ɗakin, ni na koma tsohon ɗakina na ciyawa.

Ta sauka lafiya, namiji. Na ce to, na yi sabon miji, tsohon ya ja gefe.

Ranar suna uwar mijinta ta zo da tawagarta. Hajiya muke ce mata, don ta je Makka tun ana ƙirga masu zuwa da yatsu. Doguwar mace ce mai haƙorin Makka guda, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Da taro ya lafa ta kira ni gefe ta kwance wani ƙunshi. Zanen goyo ne na saƙi, fari, da siririn ratsin baƙi a baki-baki, ya yi laushi don tsufa.

Ta ce, "Uwar ɗiya, ga amana. Uwar maigidana ta kaɗa zaren wanga zane da hannunta. Da shi anka goyi maigidana, da shi na goyi uban yaron ga. Ɗan fari kaɗai aka sa wa shi. Ki ajiye. Ran arba'in ni da kaina zan zo in ɗaura shi a bayan uwarsa, a cikinsa zai shiga Gummi."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Hajiya, kin kawo shi inda ya dace. Ɗakina ko gara ba ta san hanyarsa ba."

Na faɗa da ƙarfi ne don na kusa su ji. Na ninke zanen na sa a adakata, na tura adakar jikin bango a bayan gado.

Kowa ya san babban abokin gabar mai jego sanyi ne. In ya shige ta ba a ranar zai nuna ba, sai bayan shekaru ta fara kumburi da ciwon gaɓoɓi, a ce ai ba a gasa ta da kyau ba. Wa za a zaga? Uwarta. Don haka washegarin suna na taka turmi, na cusa tsummoki a ramukan nan biyu, na bi su da laka na shafe. Tagar na rufe, na rataya mata bargo. Ƙofa kuma asabari da labule mai kauri. Na tsaya tsakiyar ɗaki na jiƙa yatsa na ɗaga, ko ɗigon iska babu. Na ce yauwa.

Sai marka ta sauka, ruwa safe da yamma, makewayi ya zama taɓo. A nan dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka babu macen da ta taɓa yin irinta. A ɗakin daɓe ba a wanka, ƙasa za ta jiƙe ta farfashe. Amma ni ƙasan ɗakina siminti ne. Me zai sa ɗiyata ta fita cikin ruwa da iska? Sai na riƙa shigo da tafasasshen ruwan cikin babbar tukunya, in tsoma ganyen darbejiya in faffaɗa mata a kusurwar ɗaki, safe da la'asar. Tururi ya cika ɗakin har ba ma ganin juna. In mun gama in share ruwan da tsintsiya ya fita ta bakin ƙofa, in sake labule da sauri. Tsummokin jariri ma a ciki nake shanya su, a igiya daga rumfar gado zuwa ƙusa. Ga kaskon garwashi ƙarƙashin gado ba ya mutuwa.

Mata suka zo suka gani suka ce, "Kai, wagga ɗiya ta yi sa'ar uwa." Na ce Allah ne.

Ba a yi mako ba, da safe sai ga ruwa na ɗiga daga kwano, tal, tal, a kan kwallayena, kuma a ranar ko yayyafi ba a yi ba. Na tare maigida na ce an cuce shi, kwanon nan huje yake. Ya jingina tsani ya hau, ya bi ƙusa-ƙusa, ya sauko ya ce bai ga komai ba. Bayan kwana biyu na sake tura shi. Ya sake hawa. Na uku ma ya hau, yana gunaguni, ya sauko wandonsa a yage.

Ya ce, "Innar yara, ruwan nan ba daga sama yake ba. Daga cikin ɗakinki yake."

Na ce, "To tunda girgije ka gina mini, sai ka faɗa."

Daga nan bango ya fara zufa. In ka shafa shi sai tafinka ya jiƙe. Wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suka fito a kusurwa, na goge, suka dawo da 'yan uwansu. Takalman fata na yarinyar da ke ƙarƙashin gado suka tsiro da koren gashi. Faifan da na rufe ƙwarya da shi ya yi fari-fari. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Baki ne. Kin bar kowa na shiga yana yabo." Wannan magana ta yi mini daɗi, don ta ɗora laifin a kan wasu. Na samo turare na yi ta banka wa ɗakin.

Ita kuwa mai jegon, da yake ba ta iya musu da ni, sai wata rana ta ce a hankali, kanta a ƙasa, "Inna, kaina na sara. Ko a ɗan ɗaga bargon tagar?"

Na ce, "Kin ji ko? Sanyi ne ya fara neman hanya." Na ƙara garwashi.

Angon nawa ma ya kama atishawa, hancinsa na toshewa in yana shan nono. Na ce ashe da sauran kafar da ban gani ba. Na bi ƙasan ƙofa na cusa buhu.

Ranar da aka cika kwana talatin, aminiyata Bafillatana ta zo barka. Tun muna 'yan mata take kawo mana nono, amma da damina sukan ja shanunsu can kan tudu nesa da gonaki, shi ya sa ba ta zo suna ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta ba ni man shanu na mai jego, ta ce a nuna mata yaro. Na ɗaga labule ina jiran yabo. Ta sa ƙafa ɗaya, ta ja numfashi, ta dawo da baya tana toshe hanci da bakin mayafi.

Ta ce, "Kaɗo, mutum kika ajiye a nan, ko daddawa kike rufi?"

Na ce, "Ke da kike kwana a bukkar da kaza ke leƙowa ta bango, me kika sani game da ɗaki?"

Ta ce, "Bukkata ko an yi ruwan kwana bakwai, tabarmata a bushe take. Ke ba daddawa kike yi ba? Gaya mini yadda ake yi."

Sai na shiga lissafa shi a raina. Yadda ake yi ai ni ce gwanarsa. Ka dafa kalwa, ka zuba ta da zafinta da laimarta, ka lulluɓe ta ruf kada iska ta taɓa ta, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Kwana uku ta canza kama. To ni kwana ashirin da uku na yi ina yi wa ɗakina haka, da ɗiyata da jikana a ciki. A tsohon ɗakina na ciyawa, hayaƙi da tururi ta rufi suke ficewa ba wanda ya roƙe su. Wannan kuwa siminti ta ƙasa, siminti ta gefe, ƙarfe ta sama, 'yan kafofin da aka bar masa kuma na liƙe da hannuna.

Sai adaka ta faɗo mini a rai.

Na janyo ta daga jikin bango. Inda ta jingina ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na buɗe, wani wari ya buge ni. Zanen Hajiya na sama-sama. Na warware shi a bakin ƙofa inda haske yake. Hunhuna ta bi duk layin ninkin, kore da baƙi, ta yi masa zane gida-gida kamar an shata gona.

Na zauna a ƙasa daɓas. Bafillatana ta dafa kafaɗata ta ce, "Saura kwana nawa arba'in?"

Na ce, "Goma."

Ta ce, "To tashi. Fitar da mutane tukuna, sannan zane."

A ranar na mayar da mai jego da ɗanta tsohon ɗakin ciyawa, na hura musu wutar itace kamar yadda Innata ta yi mini. Na ɗauki taɓarya na taka turmi na burma lakar da na shafe ramukan da ita. Na yaye bargo na wangale taga. Iskar da ta ratsa ɗakin sai da na ji ta a haƙorana. Maigida na zaune a gindin darbejiya yana gyaran fartanya, bai ko ɗago kai ba ya ce, "A hau kwano ne kuma?"

Na ce, "In na buƙace ka zan kira ka."

Kwana biyu a ɗakin ciyawa ciwon kan yarinyar ya tafi, angona ya daina atishawa ya kama nono kamar ɗan maraƙi. Ta ci gaba da gaishe ni da ladabi kamar kullum. Da ma ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Bangon na wanke shi da ruwan toka mai zafi, na fitar da kwallaye da gado da tabarmi, na bar ɗakin wayam yana shan iska. Wannan duk mai sauƙi ne. Zanen ne aiki. Tsohon saƙi ba a murza shi da ƙarfi, sai ya rabu a hannunka. Na wanke shi da sabulun salo a hankali kamar ina wanke jariri. Koren ya fita, baƙin ya ce yana nan. Na matsa lemun tsami da gishiri, ya ɗan dusashe. Bafillatana ta dawo da ƙwaryar nono wanda ya yi tsami har yana sa hawaye, ta ce in jiƙa shi a ciki kwana biyu, sannan in ba shi rana mai zafi.

Rana kuwa a tsakiyar marka sai an yi farautarta. Na zama mai gadin sama. Da ta ɗan leƙo in fito da gudu, da hadari ya taso in kwashe. Ga shi ba na son maƙwabta su gani a igiya, don kafin la'asar labari zai riga motar kasuwa isa Gummi. Sai na tuna babu abin da ke ɗaukar zafi kamar kwano, kuma ba mai ganin abin da ke kansa daga tsakar gida. Na je gindin darbejiya na tsaya.

Na ce, "Malam, na buƙace ka."

Ya yi dariya har fartanya ta faɗi. Amma ya hau. Kwana biyar yana hawa yana sauka, ya shimfiɗa ya danne da duwatsu, in na ƙwala kira ya kwaso. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin namijin da ya yi wa zane dogari ba.

Ana gobe arba'in zanen ya yi fari, ya ma fi yadda aka kawo shi. Sai wuri ɗaya, kusa da ratsin baki, faɗin tafin hannu, ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa. Wannan ya ƙi. Na yi tunanin in yanke in kalmashe. Na yi tunanin in kai marina a tsoma shi a baba, in ce gata na yi masa. Daga ƙarshe na ninke shi yadda tabon zai kasance can ciki, na ce wataƙila ta ɗaura ba ta warware duka ba.

Hajiya ta iso da hantsi. Aka gaisa, aka sha fura, matan unguwa sun cika tsakar gida. Ta karɓi jikanta ta ɗaga shi ta auna a hannu, ta duba wuyansa da cinyoyinsa, ta dubi uwarsa sama da ƙasa. Ta ce, "Madalla. Kawo amanata."

Na miƙa mata. Ba ta buɗe ba, hanci ta fara kai masa. Ta sake shinshinawa.

Ta ce, "Uwar ɗiya, maraƙi kunka goya da shi?"

Mata suka kwashe da dariya. Na ga ta kama bakin zanen za ta kaɗe shi a gaban kowa. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar a kama ni. Gara in kama kaina. Na ce, "Hajiya, dakata. Ni zan nuna miki." Na karɓa na warware, na ɗora yatsana a kan tabon. Na faɗa mata komai, tun daga turmi da laka har zuwa hawan kwano, da irin muryar da na yi alfahari da ita ranar suna, don waɗanda suka ji wancan su ji wannan.

Hajiya ta daɗe tana kallon tabon, tana shafa shi da babban yatsa. Sannan ta ce, "Kai ni in ga ɗakin."

Muka shiga mu biyu. Ta dubi inuwar baƙin da ta rage a bango, ta ɗaga kai ta dubi ramukan da haske ke shigowa ta cikinsu. Sai ta rage murya.

Ta ce, "Ɗana na gina wa ɗiyarki irin wanga a Gummi, saura shafe. Shekaranjiya na sa magini ya toshe ramun sama duka. Na ce ban son sanyi ya kama mini jika."

Muka dubi juna. Ni na fara dariya ko ita, har yau ban sani ba. Ta dafa bango, haƙorin Makka na walƙiya.

Da muka fito ta gyara fuska kamar ba ita ba. Ta ɗora yaron a bayan uwarsa, ta ɗaura zanen, ta juyo da tabon waje inda kowa zai gani. Ta ce, "Wanga ba a sake wanke shi. Duk wanda ya tambaya, in ce hatimin mutanen Bukkuyum na."

Haka kuwa ta yi mini har ta bar duniya. Duk bikin da muka haɗu sai ta ce, "Ina mai daddawa?" Ni kuma in ce, "Ina wadda na ceci ɗakinta?" Don gaskiya ce, ni na cece shi. Bayan damina maigida ya sake ɗauko maginin Anka ya fasa mini taga ta biyu daura da ta farko. Ya ga sauran laka a bakin ramukan, ya dube ni. Na ce masa zanzaro ne. Daga baya duk wadda aka yi wa ɗakin siminti a unguwar nan, ni ake kira in duba mata, kuma kafin in kalli fenti sama nake fara kallo.

Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa. Hajiya ta riga shi da damina huɗu. Aminiyata sun yi ƙaura da shanunsu, daga baya aka aiko mini ita ma ta cika. Maginin an ce yana nan a Anka, idanu sun tafi, 'ya'yansa ke gini. Ɗiyata tana Gummi da jikokinta, zanen yana adakarta, kuma duk rani sai ta fitar da shi ya sha rana. Angona furfura ta fara fito masa a gemu, da zanen nan aka goyi ɗansa na fari, tabon a waje. Sai ni, ina cikin ɗakin nan har yanzu, tagogi biyu a buɗe.